Sunan Wasa Da Sunan Yanka

A ƙasarmu ta Ruma, wato Batsari da ƙauyukan da ke kewaye da ita, an yi wani dattijo wanda ba a haɗa iyakar gona da shi a kwashe lafiya. In damina ta faɗi aka zo gyaran iyaka, sai ya ce an ci masa kunya biyu. In malamin gona ya zo da sabon iri, sai ya ce na kakanninsa ya fi auki. In yaro ya dawo daga birni da agogo a hannu, sai ya bi shi da harara har ya ɓace masa. Mutanen gari suka laƙaba masa suna Gaga. Da wannan suna na tashi na ji ana kiransa, a kasuwa da bakin masallaci, har na ɗauka shi aka raɗa masa ranar suna. Sai da ya rasu, liman ya ambaci sunansa na yanka wajen addu'a, na ga samari suna duban juna suna tambayar wa ake nufi.

Shi dattijon nan aron sunan aka yi masa. Mai sunan na asali yana cikin akwatin talabijin, kuma Allah Ya nufa na gan shi tun ina ƙarami ƙwarai, ko da yake a lokacin ban san abin da nake kallo ba.

Yadda abin ya faru shi ne, a farkon shekarun 1980 matar kawuna ta haihu a Kaduna, inda yake aikin gwamnati. A wancan zamani Batsari tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka yanke mana Jihar Katsina. Kakata ta tafi yi wa mai jego wanka, ta tafi da ni don in riƙa ɗebe mata kewa, ban fi shekara shida ba. A falon kawu na fara ganin talabijin. Akwai wani dare a kowane mako da maƙwabta kan cika ɗakin, manya a kan kujeru, mu yara a ƙasa, saboda wani wasa na Turanci mai farawa da wata waƙa mai sanyi. Kaka ba ta jin Turanci ko na sannu da zuwa. Amma da zarar wani mutum ya bayyana a gilashin nan, sai ta gyara zama ta ɗaure fuska.

"Ga shi nan kuma, baƙin mugu. Wai mi yaron ga ya tsare mashi ne?"

Kawu ya yi dariya ya ce, "Inna, wasa ne fa. Biyan shi ake yi ya yi hakan."

Ta ce, "Wasa? Kai dai yaro ne. Wanda ya iya wannan harara ba yau ya koye ta ba."

Har muka gama kwana arba'in muka komo gida ba wanda ya iya raba ta da wannan ra'ayi. Ina kuma kyautata zaton irin su kawu, ma'aikata da 'yan makarantar kwana masu zuwa hutu, su suka ɗauko sunan daga birni suka kawo shi garinmu, suka tarar da wanda rigar ta yi wa daidai suka sa masa.

Sai da na girma na san wasan nan shi ne Cock Crow at Dawn, wato carar zakara da asuba, wanda Hukumar Talabijin ta Nijeriya, NTA, ta fara nunawa a 1980. A ƙasar Jos aka shirya shi, Peter Igho ya jagoranci aikin, bankin UBA ya ɗauki nauyi, Bongos Ikwue ya rera waƙar buɗewa. Zamanin Shugaba Shehu Shagari ne, gwamnati tana ta kiran jama'a su koma gona, kuma don wannan manufa aka yi wasan. Labari ne na wani magidanci mai suna Bello, wanda zaman birni ya ƙi masa, ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauye zai kama noma. George Menta ya fito a Bello, Ene Oloja ta fito a matarsa Zemaye, Sadiq Daba ya fito a Bitrus. Ƙayar da ke kan hanyarsu kuwa ita ce Gaga, kuma wanda ya ɗauki wannan hali shi ne Kasimu Yero.

Mai karatu ya duba ya gani. Da an bar Bello shi kaɗai da taki da sabon iri da kyakkyawar niyya, da wasan ya koma laccar malamin gona, wadda manomi kan saurara da kunne ɗaya yana lissafin lokacin sallamar azahar. Gaga ne ya sa mutane suka zauna. Shi ya sa tsohuwar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta gane wa ake zalunta da kuma wa ke zaluncin. Ni da nake ɗan manomi ma yanzu ina ganin abin da ban gani ba a da. Duk ƙauyen da mutum ya sani akwai mai irin wannan hali, kuma sau da yawa tsoro ne a ƙarƙashin faɗan nasa: tsoron kada ɗan birni ya zo da takarda da alƙawari ya raba shi da abin da ya gada. Kasimu Yero ya san wannan mutum ciki da bai. Shi ya sa Gaga bai fito dodo ba, ya fito maƙwabci, irin wanda za ka yi faɗa da shi da safe ku haɗu a sahu ɗaya da magariba.

Kasimu Yero Bazazzagi ne, an haife shi a Zariya a 1947, ya kuma yi yawancin rayuwarsa ta aiki a Kaduna. Yana cikin ƙalilan na 'yan wasan arewa da suka riƙe Hausa da Turanci a hannu bibbiyu, har mutanen Ikko da Inugu suka san fuskarsa kamar yadda mutanen Kano da Sakkwato suka san ta. Ya rasu a Kaduna ranar Lahadi 3 ga Satumba, 2017, kwana biyu bayan Babbar Sallah, yana da shekara 70.

Haɗuwata ta biyu da shi a Batsari aka yi ta, wajen ƙarshen shekarun 1980. Wani malamin asibiti a unguwarmu yana da ƙaramar talabijin marar launi, wadda yake jona wa baturin mota, eriyarta a ɗaure a kan doguwar gora. Da dare yakan fito da ita ƙofar gida ya ɗora a kan tebur. In hoton ya fara yayyafi sai a tura yaro ya juya gorar, mu kuma muna ihu muna cewa ya yi, ko bai yi ba. A nan na ga mutumin da kaka ke tsine wa ya dawo da Hausa a bakinsa cikin Karambana, wasan gidan talabijin na Kaduna, yana sa mu dariya har muna kwanciya a ƙasa. Sunan wasan ya isa bayani: mutumin da ba a gayyace shi ba amma ya fi mai abu zaƙewa. A nan kuma na gan shi cikin 'yan wasan da suka ɗauki labaran Magana Jari Ce suka sa musu jiki da murya. Wannan littafi na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, mu Katsinawa muna jin muna da kaso a cikinsa, tunda a Kwalejin Katsina Imam ya yi karatu, a Midil ta Katsina kuma ya koyar. Muna karanta shi a aji da rana, da dare mu ga mutanen cikinsa suna tafiya da ƙafafunsu.

Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne, fuskar ɗaya ce amma mutanen daban-daban ne. Tafiyar ta sauya, zaman hula ya sauya, har yadda yake jan numfashi kafin ya yi magana ya sauya. Na tambayi yayana ko 'yan biyu ne, ya ce in rufe masa baki ana kallo.

Duk da haka ba mu san sunansa ba, kuma ga dalili. Da zarar wasa ya ƙare aka fara jero rubutun sunayen waɗanda suka yi shi, sai malamin asibiti ya miƙa hannu ya kashe akwatin, don kada baturi ya ƙare kafin labarai. Ba laifinsa ba ne, cajin baturi sai an kai shi wajen mai injin niƙa an biya. Amma sakamakon shi ne, shekara da shekaru muna ɗaukar sunan wasa muna tafiya da shi gida, sunan yanka kuwa yana mutuwa a cikin duhun gilashi.

Da na je Zariya neman difloma ta koyarwa, a darasin adabi na fahimci cewa irin wannan ɗan wasa yana da matsayi nasa na musamman. Masu nazarin wasan kwaikwayo a Turai sun bambanta tauraro da wanda zan kira ɗan wasan hali. Tauraro shi ne wanda ake zuwa kallo don shi, kuma ko wace riga ya sa, shi ɗin dai ake gani. Ɗan wasan hali kuwa shi ake nema in ana son marowacin attajiri, ko munafukin bafade, ko uban da ya cika faɗa, ko maƙwabci mai sa ido. Aikinsa shi ne ya ɓace a cikin mutumin da aka ba shi. Gwargwadon ƙwarewarsa, gwargwadon yadda za a manta da shi.

A Ingila an yi wani mai suna Pete Postlethwaite, sa'an Kasimu Yero ne, don a 1946 aka haife shi a garin Warrington, ya rasu a watan Janairu na 2011. Abin da ya fara jawo hankalina gare shi shi ne, malamin makaranta ne kamata kafin ya koma wasa. A kaset na ga fim ɗinsa na 1993, In the Name of the Father, inda ya fito a matsayin wani uba da aka ɗaure bisa laifin da bai aikata ba, har ya mutu a kurkuku. Ba shi ne gaba a fim ɗin ba, amma shi ya zauna mini a zuciya. Bambancinsa da namu shi ne, a can akwai kyauta ta musamman da ake warewa don mai tallafa wa tauraro, har sunansa ya shiga jerin masu takarar Oscar saboda wannan fim. An rubuta tarihinsa, an ajiye finafinansa, wanda ya ga fuskar yana iya nemo sunan cikin minti ɗaya.

Mu kuwa sunan wasa kan haɗiye na yanka har ya narke. Mutum nawa ne suka san Samanja Mazan Fama sunansa Usman Baba Pategi, Banufe daga Pategi, wanda ya yi aikin soja na gaske kafin ya riƙa kwaikwayonsa, ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023? Mutum nawa suka san Karkuzu na Bodara shi ne Abdullahi Shu'aibu, wanda tsufa ya same shi a Jos cikin ƙunci har sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida a 2023? Mu nan Katsina muna da Kasagi, kuma akwai ɗalibai da yawa da suka karanta Kulɓa Na Ɓarna don jarrabawa ba su taɓa haɗa cewa Umaru Ɗanjuma Katsina da ke rubuce a bangon littafin shi ne Kasagin da iyayensu ke ba su labari ba. Ko Rabilu Musa, da ya rasu a watan Disamba na 2014, Ibro ya tafi da shi tun yana da rai.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin abin takaici kawai, irin na rashin godiya. Ban san yana iya zama abin tsoro ba sai da na jawo wa ɗan mutane.

Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a ƙasar Safana, kuma ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Mai karatu ya san halin da yankinmu ya shiga. Batsari da Safana duk suna bakin Dajin Rugu. A watan Fabrairu na 2020 aka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari aka kashe mutane da dama. A watan Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Gonakin da ke nesa da gari suka gagara nomawa, azuzuwanmu suka cika da yaran da iyayensu suka yi gudun hijira. A cikin wannan hali wata kalma ta shigo bakin kowa, wato infoma: mutumin gari wanda ke tsegunta wa 'yan bindiga wa ya sayar da sa, wa ɗansa ya aiko masa da kuɗi, wace hanya ce ba tsaro. An fi jin zafinsa a kan mai riƙe da bindigar, domin da ɗan gari akan ci gari.

A 2022 muka shirya wasa don ranar ba da kyaututtuka, na kuma rubuta shi a kan wannan matsala. Akwai wani yaro a aji biyar wanda ban taɓa koyar da mai baiwarsa ba. In ya kwaikwayi tafiyar shugaban makaranta, ko daga nesa ka hango sai ka gyara tsayuwa. Shi ya so ya fito a mai gari. Ni na hana shi.

Na ce masa, "Mai gari kowa na iya yi, naɗa rawani ne da gyaran murya. Wanda wasan ya rataya a wuyansa shi ne infoma. In bai yi kyau ba, duk mun yi aikin banza."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, mutane ba za su ji haushina ba?"

Na ce, "In sun ji haushinka, ka ci nasara ke nan." Na zaunar da shi na ba shi labarin Gaga da kakata, na nuna masa ɗan guntun wasan da na samu a waya. Ya kalla sau uku bai ce komai ba.

Ranar taro ya yi abin da ya wuce tsammanina. Bai yi zare ido ba, bai yi muguwar dariya irin ta finafinai ba. Ya fito da carbi a hannu, mai yawan gaisuwa, mai riga kowa zuwa ta'aziyya. Akwai wurin da ya durƙusa yana yi wa maƙwabcinsa jaje, bakinsa yana addu'a, idonsa kuwa yana ƙirga shanun da suka rage a turke. Ban koya masa wannan ba, shi ya zo da abinsa. Filin ya yi tsit. Can sai wata mata daga cikin iyaye ta miƙe tsaye tana kuka tana cewa Allah Ya isa. Ni kuwa ina bayan labule ina murna, ina cewa a raina yau ga kaka ta dawo.

Bayan kamar mako uku, ina zaune a ƙofar gida bayan magariba, sai ga mahaifin yaron. Muka gaisa, na shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa bai sha ba.

Ya ce, "Malam, a kan ɗanka na zo. Sunan da ka ba shi ya biyo shi har gida. Da farko abokai ne ke tsokana, muna dariya. Jiya a kasuwa wani ya ƙwala masa kira da shi daga nesa, sai wasu 'yan sa-kai, baƙi, waɗanda ba su san shi ba, suka waiwayo suka bi shi da kallo har ya shige. Malam, ka san ƙasar nan yanzu. Ba a tambayar mutum sau biyu."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba. Ni da nake alfahari da karatun adabi, na ɗauki ma'aunin falon kawu na Kaduna na auna kasuwar ƙauye a zamanin bindiga. Tsinuwar kaka iyakarta gilashin talabijin, Kasimu Yero yana can gidansa bai ma san tana yi ba. Wannan yaro kuwa da ƙafarsa yake ratsa masu kallonsa kullum safiya.

Da na natsu sai na tuna cewa kakanninmu sun riga mu gane wannan haɗari. Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muna da tashe a watan azumi, inda yaro kan manna gemun auduga ya zama tsoho, ko ya rataya tarkace ya zama mai magani. Akwai wasan gauta, inda matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansu. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon malamai. Amma duk waɗannan suna da katanga. Lokacinsu sananne ne, kowa kuma ya san ɗan wane ne a ƙarƙashin gemun. In an gama zagaya gari, yaro ya cire audugarsa ya koma ɗan gidan wane. Ni na gina wasa ban gina katangar ba.

Washegari na je wajen mai unguwa, muka tafi tare wajen liman. Ranar Juma'a bayan an sallame, liman ya yi wa jama'a bayani cewa abin da aka gani a makaranta darasi ne malamai suka tsara, ya kira sunan yaron da na mahaifinsa, ya ce duk wanda ya sake kiransa da wancan suna ya ɗauki alhaki. Na maimaita haka a gaban ɗalibai ranar Litinin. Duk da haka uban bai samu natsuwa ba, ya tura shi wajen gwaggonsa a Katsina har ƙarshen zangon karatu. Ya dawo lafiya, sunan ya bi iska, ya gama makaranta. Amma bai sake hawa dandamali ba. Da shekara ta zagayo na same shi na ce ga rawanin mai gari in yana so. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri." Ban matsa masa ba, ba ni da bakin matsawa. Har yau in na tuna idon nan mai ƙirga shanu, nakan ji cewa na karya wani abu da ba ni na dasa shi ba.

Ban daina sa mugu a wasa ba, domin wasan da ba mugu a cikinsa ƙarya ne, yara kuma sun fi kowa saurin gane ƙarya. Abin da na sauya shi ne ƙarshen. Yanzu in an gama, ba mai tashi. Kowane ɗan wasa zai fito gaban jama'a ya cire rawani ko gemu ko tsumman da ya sa, a kan idon kowa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu. Wanda ya fito a mugu shi ke farawa, ni kuma in tsaya kusa da shi in riƙe hannunsa har a gama tafi. Wasu abokan aiki suna ganin ɓata lokaci ne, ga rana ga yunwa. Nakan ce musu wannan shi ne rubutun da malamin asibiti ke kashe mana.

Wannan abu ne ya sa na koma neman Kasimu Yero da gaske, mutumin, ba Gaga ba. Abin da na iya tarawa bai cika tafin hannu ba: gutsattsarin wasanni a intanet masu dusasshen hoto, da 'yan labaran rasuwarsa a jaridu. Sai na tuna wani abu da ya faru a 2013. Gidan talabijin na BBC ya taɓa goge wasu tsofaffin shirye-shiryensa don a sake amfani da faifan, ciki har da sassa na wani wasa mai suna Doctor Who. Wani Bature, Philip Morris, ya bi sawun kwafin da aka sayar wa ƙasashen waje, har ya gano sassa tara da suka ɓata, na 1967 da 1968, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos. A Jos fa, garin da aka haifi Gaga. Mutum ya taso daga Ingila ya zo ya kakkaɓe ƙurar ɗakinmu don ya nemo 'yan wasansu. Haka kuma fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ba a ganinsa, sai da aka tsinto faifansa a Ikko, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018. Wannan ya nuna abin da aka nema da gaske ana iya samunsa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta. Mun yi ƙoƙari wajen rubuta tarihin sarakuna da malamai da mawaƙa. Waɗannan mutane da suka ara mana fuskokinsu muka ga kanmu, su ma suna bin mu bashi. Sadiq Daba ya tafi a watan Maris na 2021, Samanja ya bi, Karkuzu ya bi a 2025. Amma har yanzu akwai waɗanda suka yi aiki tare da su a Kaduna da Jos da Kano da Katsina, masu ɗaukar hoto da masu kwalliya da abokan wasa, suna nan da ransu da tunaninsu. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai, ga aiki nan a ƙofar gida. A je a zauna da su da rakoda tun kafin su ma a kashe akwatin.

Kaka ta rasu ba ta yafe wa Gaga ba. Ban taɓa samun damar gaya mata cewa gaskiyarta rabi ce ba. Lalle ba a ranar ya koyi hararar nan ba, ya daɗe yana kallon mutane irin dattijon garinmu yana ajiyewa. Sai dai hararar ba tasa ba ce, tamu ce ya tattara ya maido mana. A wajen jana'iza ba a kiran mutum da sunan wasa, wannan na koya tun ranar da liman ya ba samarin Batsari mamaki. Don haka nake rufewa da sunan yanka. Allah Ya jiƙan Kasimu Yero, Ya gafarta masa, Ya jiƙan abokan aikinsa da suka riga mu. Yaron nan kuma, duk inda yake, Allah Ya tsare shi, Ya sa wata rana ya yafe wa malaminsa.